Saƙar leshi da ƙoshiya daga tsofaffin littattafan Turai

Tambaya: Maigida, na samu tsofaffin shafuka na leshin ƙoshiya, wasu da Faransanci, wasu da Jamusanci, kuma ba na jin ko ɗaya. In nemi mai fassara ne, ko in haƙura?

Amsa: Ɗana, mai fassara ba zai fisshe ka ba sai in shi ma masaƙi ne. Jamusawa na kiran ƙoshiyar Schiffchen, shi kuwa zai ce maka "ƙaramin jirgin ruwa". Kalmar Bogen ma tana iya zama takarda a bakinsa, alhali baka ake nufi, wato jerin ƙullin nan mai lanƙwasa da ke haɗa zobe da zobe.

Kalmomin da kake bukata ba su taka kara sun karya ba. Ƙulli mai harɗe biyu, wanda duk aikin ke kansa, shi ne nœud double da Faransanci, Doppelknoten da Jamusanci, sau da yawa a taƙaice Dk. Kunne, ɗan madaukin da ake bari tsakanin ƙulli biyu, picot ne ko Öse. Zobe, jerin ƙullin da ake jan zare ya rufe ya zama da'ira, anneau ne ko Ring. Baka arceau ne ko Bogen. In ka ga wenden, juya aikin sama ta koma ƙasa. Rubuta su a kati ka ajiye gabanka.

Daga nan sai ka mayar da kowace jimla lamba kafin ka taɓa zare. Zobe mai ƙulli 4, kunne, 4, kunne, 4, kunne, 4, rubuta shi 4-4-4-4, karan tsakani shi ne kunne, inda aka haɗa da wani kunnen kuma ka sa alamar tarawa. Ƙulli 16 ke nan, kunne 3.

Nan ne masu koyo ke yin tuntuɓe, don haka buɗe kunnenka. Kunne ba ƙulli ba ne, tazara ce kawai, kuma ƙullin da ya rufe shi yana cikin lissafin rukuni na gaba. In ka ƙirga shi daban, kowane rukunin da ke bayan kunne zai ƙaru da ɗaya, zoben ya yi ƙiba ya hau kan maƙwabcinsa. Haka in an ce kunne 5 da ƙulli bibbiyu a tsakani, tsakanin guda 4 ne, ƙulli 8 ke nan, ban da ƙullin da ke kafin kunnen farko da bayan na ƙarshe. Idan rubutu da hoto suka saɓa, ni hoto nake bi. Kuskuren ɗab'i ya fi faɗa wa lamba, kuma zanen tsofaffin littattafan nan, kamar na Thérèse de Dillmont na 1886, yana da tsabtar da za ka ƙirga kunnuwa da tsinin allura.

Wani lokaci za ka ga zobba zalla, babu baka, sai zare tsirara tsakaninsu. Ba mantuwa aka yi ba, ƙoshiya ɗaya ce aikin. Auna tazarar da guntun kwali don ta zo daidai ko'ina.

Lambar zare kuma kada ka amince da ita ido rufe, domin kowane kamfani da nasa ma'aunin a wancan zamanin. Abin da ya tabbata shi ne, a zaren auduga na kwarashi, lamba na hawa zare na siranta. Gwada da lamba 20 mai haske, inda za ka ga kowane harɗe, kafin ka koma 40 ko 80.

Saƙa zagaye biyu na farko ka shimfiɗa a tebur. In ya tashi kamar ƙoƙo, zagayen waje ya matse, sai ka ƙara ƙulli ɗaya ko biyu a kowane baka, ko ka tsawaita kunnuwan haɗi. In gefen ya yi ta kaɗawa, rage. Zoben da ya ƙi rufuwa kuwa laifin hannunka ne, akwai harɗen da bai juye zuwa zaren da ke zagaye da yatsunka ba, ya kama zaren ƙoshiya. Kada ka ja da ƙarfi, zai tsinke. Sa allura ka warware baya-baya har ka iske shi.