Kabin da stateroom a zanen jirgin ruwa

Yaro, ka ce a zanen da aka ba ka wani ɗakin fasinja an rubuta masa kabin, wani kuma stateroom, kana so ka san ko aikinsu ya bambanta. A wurin kafinta duk ɗaya ne.

Kabin daga Faransanci ta zo, cabane, wato bukka. Stateroom kuwa ma'anarta ɗakin alfarma, irin wanda ake keɓewa a gidajen manyan Ingila don saukar sarki ko babban baƙo. A jirgi kuma ɗakin kyaftin ake ce wa haka. Tun a 1660 Samuel Pepys, wani ma'aikacin rundunar ruwan Ingila, ya rubuta shi, yana gwada ɗakunan wasu jiragen yaƙi biyu na Ingila. Za ka ji ana cewa wai daga jiragen kogin Misisifi sunan ya fito, saboda ana laƙa wa ɗakuna sunayen jihohin Amurka. An yi hakan kam, har benen ma'aikata Texas ake ce masa, amma kalmar ta girmi ƙasar Amurka ita kanta. Yau kamfanonin jiragen shaƙatawa sun riƙe ta ne don ta fi sayar da tikiti.

Abin da zai kama ka shi ne bango. Ba a yin sa da filawud. Dokar SOLAS ta 1974, wato yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, ta tsananta kan gobara, shi ya sa ake sa faranti mai lambar B-15: siririn ƙarfe ciki da waje, ulun dutse (zaren da ake yi da narkakken dutse) a tsakiya, kaurinsa milimita 25 ko 50. Yana tare harshen wuta minti 30, zafi kuma minti 15. Ka huda shi don waya ko bututu ka bar ramin ba abin toshewa da aka amince da shi, to lambar ta tashi a banza, sufeto zai sa ka kwance.

Ƙofa ciki take buɗewa, don kada ta tare lungu lokacin gudu. Gado da kabad a ɗaure su da ƙusa mai zare, kowace durowa da makamarta, in ba haka ba igiyar ruwa ta farko za ta zubar da kaya.

Ɗakin da ke jikin bangon waje na jirgi ka fi kula da shi. Ƙarfen waje sanyi gare shi, iskar ɗaki kuma ɗumi, sai raɓa ta taru a bayan faranti. In rufin ulun ya yage ko mahaɗarsa ba ta liƙe ba, ulun zai jiƙe, tsatsa ta fara ci ta inda ido ba ya kai.