Amsa ga 'yar'uwar da aka gayyata kwamitin bashin gina makarantu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da asuba na ga tambayarki, na ce bari in sallami yara tukuna, don wannan ba maganar da ake yi a tsaye ba ce. Kin ce gundumar makarantunku a nan Teksas ta aiko miki takarda ki shiga kwamitin iyaye da zai tsara bashin gyaran tsofaffin makarantu da gina sababbi saboda yara sun yi yawa, bashin da sai mazauna sun amince da shi a zaɓe, kina tambaya ko ki shiga ko ɓata lokaci ne, kuma Alhaji yana tsoron harajin gida zai tashi. Wallahi kamar ni na rubuta. Irin takardar nan na samu a ƙarshen 2021, na shiga, kuma har yau idan na bi ta gaban makarantar 'yata sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Ki shiga. Na faɗa tun yanzu kada in manta, don na san halina idan na fara wannan labari.

Makarantar unguwarmu tsohuwa ce, a ɓangaren gidajen haya take, inda yawancinmu muka fara sauka. Kin tuna sanyin Fabrairun 2021, lokacin da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki? Bututan ruwa suka fashe a makarantar, azuzuwa suka jiƙe, aka yi ɗan faci aka ce a jira bashi mai zuwa. Ga yara sun cika har an jera kwantenoni a bayan fili ana karatu a ciki. 'Yata ta biyu, mai asma, a kwantena aka sa ajinsu. Iyakwandishan ɗin yau ya yi, gobe ya ƙi, ga zafin Agusta na garin nan da ba sai na ba ki labari ba. Sau biyu aka kira ni daga wurin aiki in zo in ɗauke ta. Shi ya sa da takardar kwamiti ta zo ban ko yi shawara da kowa ba, na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Watanni muka yi muna zama da daddare. An kawo masu ƙidayar jama'a suka nuna mana taswira, ga inda ake yanka filaye, ga gidaje nawa za a gina, ga yara nawa ake sa ran kowane gida zai kawo. An kawo masu zanen gini, an kawo mai ba da shawarar kuɗi. An ɗauke mu a bas ranar Asabar muka zaga makarantu, ni da kaina na ja mutane na nuna musu silin da ya yi baƙi a ɗakin cin abinci. A zama na kusa da ƙarshe aka liƙa ayyukan a bango, aka ba kowa 'yan sitika ya manna a kan abin da ya fi so. Nan wani bawan Allah, wanda gidansa ke sabuwar unguwa, ya ce cikin murmushi, wai mutanen gidajen haya yau suna nan gobe sun tashi, kuma ba sa fitowa zaɓe, don haka a fara da inda ƙuri'a take. A gabana ya faɗa, ina zaune da hijabina kujera biyu tsakaninmu. Ba wanda ya tanka. Jami'in da ke jagorantar zaman ya duba agogo ya ce mu ci gaba. Ni kuwa Turancin ya gudu daga bakina gaba ɗaya, duk abin da zan ce da Hausa yake zuwa. Sai da na shiga mota na yi ta ba shi amsa ni kaɗai, ina tuƙi ina hawaye. Shekara takwas a lokacin muna gida ɗaya, kuma ai harajin da mai gidan ke biya a cikin kuɗin hayarmu yake cire shi. Wannan amsa ta zo min a daidai fitilar hanya ta uku, lokacin da ba ta da amfani. Kuma abin haushin, mutumin nan har yau idan muka haɗu a kanti shi ke fara gaishe ni.

To aka sa makarantarmu a cikin jerin, amma a mataki na uku. Ni ban san ma'anar wannan ba sai daga baya. Bashin nan ba a karɓo shi rana ɗaya. Ƙuri'a izini kawai take ba hukumar gunduma ta sayar da takardun lamuni har zuwa wani adadi, su kuma su riƙa sayarwa kashi-kashi cikin shekaru. Abin da aka rubuta a takardar zaɓe kuma magana ce mai faɗi: gini, gyara, sayen fili, kayan aiki, bas-bas. Sunan makarantarki ba ya ciki. Yana cikin ƙasidar mai launi da aka raba, wadda ba ita aka kaɗa wa ƙuri'a ba. Don Allah ki matsa, ki sake matsawa, hukumar ta zartar da ƙuduri a rubuce mai ɗauke da sunan kowace makaranta, aikin da za a yi mata da shekarar da za a fara, kuma a kafa kwamitin sa ido na mazauna da zai riƙa ganin kuɗin bayan zaɓe. Ki nemi kujera a wannan kwamitin ma. Ni ban san ana nema ba.

Zaɓen ya faɗo 7 ga Mayun 2022, ƙuri'ar da ake kaɗawa tun kafin ranar zaɓe kuma ta faɗo a goman ƙarshe na azumi. Da ƙishirwa na riƙa bin ƙofa-ƙofa. A masallaci bayan tarawihi na tare mata ina ce musu ku gaya wa mazanku, makarantar yaranmu ce. Doka ta hana gunduma kashe kuɗin jama'a wajen cewa a zaɓi e, bayani kawai aka yarda ta yi, saboda haka mu iyaye mu ne ƙafafunsu. Aka ci zaɓe. Sai farashin ƙarfe da siminti da leburanci ya yi sama, sababbin makarantun matakin farko suka lashe fiye da abin da aka ware musu. Bayan shekara biyu, a wani zaman hukuma, na ga sunan makarantarmu a allo da kalma ɗaya a gefensa, an ɗage. Sabon ɓangaren azuzuwan ya koma fenti da gyaran rufi. Na yi rajistar magana, aka ba ni minti uku, na yi ta zuba muryata na rawa, suka zuba min ido kamar gumaka, wai dokar zaman fili ba ta ba su damar tattauna abin da ba ya cikin ajandar ranar ba. Ƙararrawa ta buga, aka ce na gode, mai bi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci min rai ba su ba ne, matan masallacin nan ne da na yi wa alkawari da bakina. Wata dattijuwa 'yar Nijar ta tambaye ni ranar Idi, ina ginin namu? Na rasa inda zan sa fuskata.

Maganar Alhaji da haraji, yana da gaskiya, amma ya ɗauko takardar harajin ya duba da kyau. Harajin makaranta kashi biyu ne. Akwai na tafiyar da aiki, albashin malamai da wuta da ruwa, akwai kuma na biyan bashi da kuɗin ruwansa. Na biyun ne wannan zai taɓa, kuma kuɗin lamuni ba a biyan albashi da shi, kada wani ya ruɗe ku da cewa malamai za su samu ƙari. Lissafin ba wuya: idan bayan an cire rangwamen gidan zama, wato abin da ake ragewa daga darajar gidan da mai shi ke zaune a ciki kafin a lissafa haraji, darajar gidanku ta tsaya a dala 200,000, kowane santi ɗaya da aka ƙara a kan dala 100 dala 20 ke nan a shekara. Ku tabbata ma kun cike takardar rangwamen, don na san mutanenmu da suka sayi gida suka shekara ba su nema ba, alhali a 2023 an ɗaga shi daga dala 40,000 zuwa 100,000. Za ki ji suna ta cewa ba za a ƙara ma'aunin haraji ba, wato santin da ake karɓa a kan kowace dala 100. Ba ƙarya suke ba, amma ki tambaya: da ba a ci sabon bashi ba, nawa ma'aunin zai sauka idan tsohon ya ƙare? Kuma lissafinsu ya ɗauka darajar gidaje za ta ci gaba da hawa da kashi nawa? Ko ma'auni bai motsa ba, idan an ƙara wa gida daraja kuɗin da za ku biya ya ƙaru. Tun 2019 dole ne a rubuta a takardar zaɓe da manyan baƙaƙe cewa wannan ƙarin harajin kadara ne, ko me gunduma ta ce. Akwai kuma iyaka: kafin su sayar da lamunin sai sun nuna wa ofishin Antoni Janar na jiha za su iya biya ba tare da wuce santi 50 a kan dala 100 ba. Ki tambayi nawa kuke yanzu, don gundumomin da ke girma da sauri wasu sun kusa bango.

Ki lura da masu ƙidayar nan ma. Mu mun ɗauki taswirarsu kamar wahayi. Ki ce su kawo hasashen da suka yi shekara biyar baya a gwada da yaran da suka zo da gaske. Haihuwa ta ragu a ƙasar nan tun bayan 2007, makarantun cata, wato masu cin gashin kansu da ake tafiyarwa da kuɗin gwamnati, suna kwasar yara, wasu kuma a gida suke koyar da nasu. Sabuwar makaranta kuma tana zuwa da sabon shata iyaka. Wata ƙawata ta yi murnar gini, aka gama aka tura ɗanta wata makarantar can nesa, bas tun duhu.

Filin ƙwallo mai kujeru sama da 1,000, wurin ninƙaya, zauren wasanni, yanzu doka ta ce kowanne a ware shi da tambayarsa daban a takardar zaɓe, kuma mutane sun iya tsincewa. A Dalas a 2020 an amince da gyaran makarantu da kayan kwamfuta, aka yi watsi da filayen wasa da wuraren ninƙaya da zauren. A Hiyustan kuwa a Nuwamban 2024 dala biliyan 4.4 aka nema, jama'a suka ƙi gaba ɗaya, ba don rufin ba ya yoyo ba, don ba su yarda da masu riƙe da gundumar ba tun da jiha ta karɓe ta a 2023. Mu nan Teksas rinjayen ƙuri'a kawai ake buƙata kafin a amince da bashi. Ƙanwata da ke Kalifoniya ta ce su sai kashi 55.

Wani zai taso da maganar riba, don an taso min da ita a masallaci har aka so a yi min wa'azi a bakin takalma. Ni ba malama ba ce, na ce ya je ya tambayi liman, ni dai na san 'yata a kwantena take.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa a zauren nan: wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya kusanci rajistar zaɓe, ko wa ya miƙo masa fom. Katin zama ba ya ba da ƙuri'a, kuma kuskuren nan yana iya jawo kora daga ƙasar. Ni kaina a 2022 ban yi zaɓen ba, maigida ne ya yi. Zaman kwamiti da magana a gaban hukuma kuwa ban ga an tambayi kowa fasfo ba. Masu ƙuri'a su yi rajista kwana 30 kafin ranar.

Kada ki je ke kaɗai, ki ja ko mace ɗaya ce daga unguwarku, kuma ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda tun daga gida. 'Yata ta gama makarantar bara, a kwantenar ta gama. Ƙasidar mai launi tana nan a jakar da nake ajiye takardun haihuwar yara, idan na dawo aiki zan ɗauki hoton shafin da aka rubuta mataki na uku in turo miki ta akwatin sirri.