Wa zai biya kuɗin jami'ar yaro bayan aure ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 8 ke nan da mutuwar aurenmu. Ɗanmu yana hannuna, mahaifinsa yana turo kuɗin abinci duk wata kamar yadda alƙali ya yanke. Yanzu yaron ya samu gurbi a jami'a, uban ya ce sai dai mu raba kuɗin biyu, tunda yaro ya balaga, ya fita daga wuyansa. Ni ɗinki nake yi. Rabin nan wajibi ne a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. 'Yar'uwa, bai wajaba a kanki ba. Allah ya ɗora ci da sutura a kan "wanda aka haifa masa", wato uba, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma saki ba ya sauke wannan nauyi. A mazhabar Imamu Malik ba a wajabta wa uwa ciyar da ɗanta, ko tana da dukiya.

Sai dai maganar balaga da uban ya kawo tana da tushe. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga, in ba shi da wata nakasa, mace kuma har mijinta ya tare da ita. Amma a duba dalilin hukuncin. An tsaya a balaga ne saboda a lokacin saurayi yake iya riƙe fartanya ko ya zauna a rumfa ya ci da kansa. Yaron da ke lacca tun ƙarfe 8 na safe, ga jarrabawa a gabansa, yaushe zai nema? Shi ya sa malaman Hanafiyya suka ce ɗalibi mai hankali da karatu ya hana shi sana'a, ciyar da shi tana nan a kan ubansa. Maroko, ƙasar Malikiyya, ta sa haka a dokar iyali ta 2004: uba yana ɗaukar nauyin ɗa mai karatu har shekara 25. Wannan nake rinjayarwa, matuƙar da gaske yaron yake karatun, ba shi da dukiyar kansa, uban kuma yana da hali.

Halin ma gwargwado ne, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Mai ƙaramin albashi ba za a tilasta masa jami'ar kuɗi ba alhali ga ta gwamnati. In kuwa yana biya wa 'ya'yan matar da ke gidansa, ya ji tsoron Allah: a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, Annabi (SAW) ya umurci a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Kuɗin wata da alƙali ya yanke tun yaro yana firamare bai ƙunshi rajista da ɗakin kwana da littattafai ba. Ku nemi sulhu ta hannun manya. In ya ƙi, kina da damar komawa kotu a sake ƙiyasi.

Wuri guda ne rabon zai hau kanki: in kin yi alkawari. Malikiyya suna ganin alkawarin da ya sa mutum ya shiga ɗawainiya saboda shi dole ne a cika shi. Don haka kada ki ce "na ɗauki rabi" don kunya. Ki faɗi abin da kekenki zai iya kawowa, a rubuta gaban shaidu, a biya makaranta kai tsaye, a ajiye rasit. Kuma ina roƙonku, kada ku mai da yaron ɗan aike yana zarya tsakanin gida biyu da takardar kuɗi a hannu. Ayar Baƙara ɗin nan ta hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu.

In uban ya gaza da gaske, yaron ya nemi bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayyar Nijeriya mai ba ɗalibai bashin karatu, wanda babu ruwa a cikinsa. Abin da kika ƙara kuma sadaka ce. Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) ko tana da lada in ta ciyar da 'ya'yan da ta haifa wa Abu Salama, ya ce mata tana da ladan abin da ta kashe musu.

Wallahu a'alam.