Amsa ga mai tambayar yadda ake cin Minesweeper, wasan kwamfuta na buɗe rufaffun gidaje ba tare da taka nakiyoyin da aka ɓoye a ciki ba

Malam, ka ce kana ta danna gidaje har nakiya ta tashi da kai, kana tambaya ko wasan sa'a ne kawai. Lissafi ne, ɗan'uwa. Sa'a ba ta shiga sai a wuri guda, zan zo kansa.

Ni na koye shi ne a wani shagon buga takardu nan Sakkwato, lokacin da ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo suka tafi hutu, aiki ya yi sanyi. Kowace kwamfutar shagon tana da shi, don tun Windows 3.1 a 1992 yake zuwa a ciki. Sai a Windows 8 aka cire shi, yanzu saukewa ake yi.

Lambar da ka gani in ka buɗe gida tana gaya maka yawan nakiyoyin da ke cikin gidaje 8 da suka zagaye ta, har da na kusurwa. Kusurwar nan ce ke kashe sababbin shiga, suna duba sama da ƙasa da gefe su manta da ita. Fara neman 1 da gida ɗaya tak ya rage mata a rufe. Wannan nakiya ce, ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) ka kafa tuta. To duk wata 1 da ke taɓa wannan tutar ta ƙoshi, sauran gidajenta lafiya lau, buɗe su. Ribar wasan ke nan: gano inda babu nakiya, tuta tunatarwa ce kawai.

In lambobi suka jeru a gaban layin rufaffun gidaje, akwai zubi biyu da ya kamata ka haddace. 1-2-1, nakiyoyi suna gaban 1 ɗin nan biyu, gaban 2 babu komai. 1-2-2-1 kuwa suna gaban 2 ɗin. Zauna da takarda ka gwada dalili da kanka, zai fi zama maka. Kamar dara ne, mai kallon rami ɗaya ba ya cin mai kallon layi.

Kada ka yi gaggawar hawa babban mataki mai nakiya 99. Tsaya a ƙaramin mai 10 har idonka ya saba, sannan matsakaici mai 40. Agogon da ke sama kuma ka rabu da shi tukuna.

Batun sa'a: wani lokaci gida biyu za su rage, nakiya ɗaya, babu lambar da za ta raba gardama. Kafin ka yi canke, duba adadin nakiyoyin da suka rage a sama, sau da yawa shi ke warware ta a ƙarshen wasa. In ka tabbatar babu wata mafita, danna tun da wuri, kada ka share rabin awa kana gyara fili sannan ta tashi da kai a dannawar ƙarshe.