Tambaya da Amsa: Me ya kai kakana kaso a zamanin Nasara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tawa ne. Kakata takan ce an taɓa kulle kakanmu a gidan kaso lokacin kumandan, kwana 15 ya yi, amma in na ce mata me ya yi sai ta ce ba komai. Wallahi abin na damuna, wai sata ya yi ake ɓoye mana ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kwana 15 ɗin nan da ka faɗa shi ne ya ba ni haske. A lokacin Faransa akwai wata doka da ake kira andijena, wadda ta ba kumandan, wato Nasaran da ke mulkin yanki, dama ya kulle baƙar fata har kwana 15 ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba, babu shari'a babu shaida, shi ne mai ƙara shi ne mai yankewa. Laifin kuwa bai wuce mutum ya yi jinkirin biyan lanho, wato haraji, ba, ko ya ƙi fita aikin tilas, ko a ce ya raina gardi, wato dogarin kumandan, shi ke nan sai a tasa ƙeyarsa. To ka ga da wuya a ce sata ce, gaskiya kakarka ta faɗa maka.

Ita kanta kalmar kaso daga faransanci muka aro ta, asalinta ɗan kurkukun da ake jefa mutum ciki. Galibi a garuruwan da kumandan yake zaune kamar Tawa gidan kason bai da nisa da bariki, ginin laka ne ba wani girma, kuma ba zama ake yi ba, da sassafe gardi zai fito da su da bulala a hannu, wasu ɗibar ruwa zuwa gidan Nasara, wasu kwaɓa ƙasa, wasu gyaran hanya cikin ranar Adar ɗin nan da ka sani. In abin ya faɗo da damina kuwa gonar mutum ta tafi, wannan ne ya fi ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Manya ma ba su tsira ba, Sarkin Agadas Tegama a kason Damagaram ya rasu a 1920 bayan yaƙin Kawsan, jagoran Buzayen da ya yi wa Faransa tawaye. Sai a 1946 aka soke andijena da aikin tilas.

Ka koma wurin tsohuwa tun tana da rai, ka tambaye ta da damina ne ko da rani aka kama shi, kuma wa ke kai masa tuwo.