Ta yaya zan gane cibiyar da za ta kula da Baba a gida?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi. Ka ce likitoci sun tabbatar ciwon dajinsa ya wuce magani, kuma wata cibiya a nan Maraɗi ta ce za ta riƙa kula da shi a gida, kana son sanin ko ta cancanta.

Fara da maganin raɗaɗi, don shi ne ƙashin bayan wannan aiki. Tambaye su kai tsaye: suna da mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, kuma wane likita ne zai rubuta shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Mofin na sha mai saurin aiki, ana ba da shi duk bayan awa 4, ba a jira sai majinyaci ya fara nishi, kuma ana haɗa shi da maganin da ke sassauta bayan gida. Idan farasitamol kaɗai suka ambata, nemi wani wuri.

Sai maganar dare. Lokacin jinyar mahaifiyata, ciwo ya fi tashi bayan isha'i, waɗanda muka ɗauka kuwa wayarsu a kashe. Har yau abin yana cina. Wa zai amsa kira ƙarfe 2 na dare?

Ka lura ko za su koya wa iyali juya Baba duk awa 2, saboda gyambon kwanciya, musamman da zafin bazara. Kuɗi kuma a rubuta a takarda tun farko, har na babur ɗin ma'aikacin jinya.