Kafin ka ɗora wa direba laifi, ka kalli allon BIOS

Ka tambaye ni abin da ya sa kwamfutar da aka kawo maka take ɗaukewa tun bayan da Windows ya sabunta kansa, wani lokaci allon ya yi baƙi ya dawo, wani lokaci ya koma shuɗi ta mutu ta sake tashi, kuma kana neman izinin yi mata fomat. Ban ba ka ba. Cutar yaran yanzu ke nan, duk kwamfutar da ta yi gardama sai ku zaro filashi ku goge komai ku karɓi kuɗi, bayan kwana biyu Windows ya sake sauko da direban nan, wato manhajar da take sarrafa katin girafik, da ya jawo matsalar tun farko, mai kaya ya dawo yana zagin shagon da na shekara da shekaru ina gina sunansa.

Windows yana sa wa katin girafik, wato katin da yake fitar da hoto a allo, ido, idan ya ba shi aiki bai amsa ba cikin daƙiƙa 2, sai ya ɗauka ya maƙale, ya sake tayar da direbansa. Baƙin da kake gani yana zuwa yana wucewa ke nan, sunan tsarin TDR, yana nan tun zamanin Windows Vista, kuma yakan bar shaida a Event Viewer, inda Windows yake rubuta abubuwan da suka faru, da lamba 4101. Idan tayarwar ta gagara, sai allo ya yi shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, lambarsa 0x116, tare da sunan wani fayil: nvlddmkm.sys idan katin Nvidia ne, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys idan na AMD ne, igdkmd64.sys idan na Intel ne. A nan ne kuke faɗawa rami, domin da zarar kun ga sunan fayil sai ku ce an kama ɓarawo. Sunan nan yana nuna wanda aiki yake hannunsa lokacin da abu ya tsaya ne kawai. Katin da zafi ya cinye, da akwatin wutar da ya gaji ba ya iya ciyar da shi, da katin da ma'adanarsa ta fara mutuwa, duk sunan nan suke fitarwa, alhali direba bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yadda ake shiga Safe Mode, wato tayar da Windows da direbobi na asali kawai, ba zan ɓata bakina a kansa ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da caja. Abin da nake so ka fara yi shi ne ka kunna na'urar ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da zarar an kunna ta, ka zuba wa allon ido. A lokacin Windows bai tashi ba, babu direban Nvidia ko na AMD da yake aiki. Idan ka ga zane-zane a tsaye, ko ɗige-ɗige masu launi, ko haruffa suna karyewa, to ƙarfen ne ya lalace, ko katin ko wayarsa ko allon kansa, kuma babu direban da zai warkar da shi.

Wannan gaskiyar na sani, kuma da ita a hannuna aka ci ni tara. Bayan watan Satumba na 2022, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwa da arha, an wanke su an goge kamar sababbi. A daidai lokacin wani mai haɗa bidiyon biki ya kawo mini kwamfutarsa ta tebur mai katin GTX 1060, ya ce tun da ta sabunta take mutuwa yana tsakiyar aiki. Na duba, maganarsa gaskiya ce, direba ne. Na cire shi na sa wanda ya dace, na bar ta tana fitar da bidiyo tun bayan azahar har la'asar sakaliya ba ta ko gezau ba, ya biya ya ɗauka yana godiya har da addu'a. Bai yi mako ba sai ga shi da mutum biyu a bayansa, ya dire ta a kan teburina yana ɗaga murya cewa na ƙona masa kati. Na kunna, tun daga tambarin farko allon ya cika da zane kore da ja, Device Manager, inda Windows yake jera kayan cikin na'ura, kuma yana nuna lamba 43, alamar ya dakatar da katin saboda matsala. Na buɗe murfin, ina ɗora ido a kan katin na san ba shi ne na taɓa ba. Samfuri ɗaya ne, amma kawunan kusoshin bayansa sun cinye saboda yawan kwancewa, takardar da ake liƙawa a kan kusa ɗaya ta yage, jikin katin ya yi duhu a kewayen ma'adana irin na abin da ya daɗe yana gasuwa, fankarsa kuma tas babu ƙura, alhali sauran cikin akwatin ƙurar hunturu ta kwanta ko'ina. Ya cire nasa mai lafiya ya ajiye a gida, ya sa matacce ya kawo mini.

Na faɗa masa haka a gaban jama'a, ya ƙara hayaniya, dama tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Aka kai mu gaban shugabannin layinmu. Na kunna musu na'urar, na nuna musu zanen yana fitowa kafin Windows ya tashi, na yi rantsuwa cewa direba ba ya isa wurin nan. Dattawan kirki ne, amma yawancinsu wayar hannu suke gyarawa, sai suka tambaye ni abu ɗaya, wai ina shaidar cewa katin da na karɓa daban ne. Na aika a ɗauko littafin karɓar kaya. Yaron da yake shagon kafin kai, wanda na sha gaya masa ya riƙa rubuta lambar kowane kati da kowane faifai, ya rubuta "kwamfuta baƙa guda ɗaya" ya koma kan wayarsa. Aka ce a yi sulhu, sulhun kuma shi ne na saya masa wani katin da kuɗina, kuɗin da ya kusa cinye ribar watan gaba ɗaya. Ya tafi da kati biyu masu lafiya, ni aka bar ni da gawa a cikin aljihun tebur. Daga baya wani abokin sana'a ya gan shi a wurina ya gane shi, ya ce mutumin nan ya taɓa kai masa shi ya ce masa ba ya gyaruwa. Har yau yana wucewa ta ƙofar shagon nan ya yi mini sallama, ina amsawa saboda sallama ta Allah ce. Yaron kuwa ranar na sallame shi. Saboda haka kafin ka taɓa kwamfutar nan da take gabanka, ka ɗauki hoton lambar katin da allon BIOS mai kayan yana tsaye yana kallo.

Idan BIOS ya fito tas, Safe Mode ma ya zauna lafiya, to zargin direba ya yi ƙarfi, ko da yake bai tabbata ba, domin a can katin ba ya ɗaukar nauyi. Ka fara da mayar da tsohon direba ta Device Manager. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, sai ka sauko da direban da kake so tukuna, ka zare wayar intanet ka kashe Wi-Fi, ka shiga Safe Mode ka share tsohon da DDU, manhajar goge direban girafik, ka tayar ka sa naka, sannan ka mayar da intanet. Zare wayar nan shi ne rabin aikin, domin idan ka bar ta, kafin ka gama Windows ya riga ya cusa nasa. Kuma ka daina ɗauka cewa direban da ya fi sabunta shi ya fi kyau. Katuna irin su GTX 760 da GTX 770 tun 2021 Nvidia ta tsayar da su a jerin 470, sabo ba zai hau kansu ba. Idan laftof ce mai kati biyu, ka fara da direban da kamfanin da ya ƙera ta ya ajiye a shafinsa, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sa na Intel kafin na Nvidia.

Idan babbar sabuntawa ce ta sauya Windows ɗin gaba ɗaya, kana da kwana 10 da za ka iya komawa wanda yake kai a da, sai dai idan wani mai ƙaiƙayin hannu ya goge Windows.old, inda ake ajiye tsohon, don neman fili. Na kuma san za ka ga masu bidiyo a YouTube suna cewa a shiga rajistar Windows a ƙara TdrDelay, wato lokacin jiran nan na daƙiƙa 2. Kada in gan ka kana yi wa mai kaya wannan, domin ba ka gyara komai ba, ka dai ce wa Windows ya ƙara jira kafin ya yi ƙara, kuma idan katin ne yake mutuwa ka ɓoye alamar har zuwa ranar da za ta fashe a kanmu.

Bayan ka sa direban, ka ba ta aiki mai nauyi kana kallon zafin katin da manhajar GPU-Z, domin a bazarar nan da ake wuce digiri 40 a inuwa, katin da mansa ya bushe fankarsa ta toshe da ƙura zai faɗi ko da wane direba. Idan ta mutu ɗif babu shuɗin allo da zarar aiki ya yi nauyi, ka bar direba ka gwada wani akwatin wuta. Idan ta jure, ka dakatar da sabuntawa na mako 5 da Windows ya yarda, ka hana shi sauko da direbobi da kansa, ka rubuta lambar direban da ka sa a cikin littafi kusa da lambar katin. Microsoft tana sakin gyare-gyarenta ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka ka gaya wa mai ita idan ta sake yi masa a makon da ya biyo baya, ya kawo ta yadda take, kada ya bari wani ya buɗe murfin.